Neman Aiki a Holan: Daga Takardar Izini Zuwa Albashin Farko

Sunan Holan ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Atamfar nan mai tsada da ake jerawa a akwatin lefe, kamfanin Vlisco ne ke buga ta a garin Helmond, madarar Peak ta teburin mai shayi kuma ta kamfanin FrieslandCampina ce. Amma sanin atamfar ƙasa daban, sanin yadda ake neman abinci a cikinta daban. Yawancin 'yan'uwanmu da neman aiki ya ba kashi a can, ba rashin ilimi ko rashin ƙwazo ne ya kayar da su ba. Sun fara ne daga inda ya kamata su ƙare. Sai mutum ya kwashe wata shida yana watsa takardar neman aiki ga duk kamfanin da ya gani, alhali galibin kamfanonin ba su da ikon ɗauko baƙo daga wajen Turai ko da suna sonsa. A Holan takardar izini ce a gaba, aiki na biye da ita.

Wace ƙofa ce taka?

Hukumomi biyu za ka riƙa jin sunansu. IND ita ke ba da izinin zama. UWV ita ke duba izinin aiki, ita ce kuma ke biyan wanda aiki ya ƙare masa. Wanda ke da fasfo na wata ƙasar Tarayyar Turai ba ruwansa da izini, aiki kawai zai nema. Mai fasfon Najeriya, Nijar, Gana ko Kamaru kuwa dole ya shiga ta ɗaya daga cikin 'yan ƙofofin da doka ta buɗe.

Mu fara da waɗanda ba ƙofa ba ne, don nan ake yawan karya ƙafa. Bizar ziyara ta kwana 90 ba ta halatta aiki ko na wuni ɗaya. Katin zama na Italiya ko Sifaniya ko Jamus yana ba ka damar shiga Holan ziyara, amma ba ya ba ka damar kama aiki. Ko mai katin dogon zama na Tarayyar Turai da ya samu a wata ƙasa, sai ya nemi izinin zama a Holan, kuma a shekarar farko mai ɗaukarsa aiki sai ya nema masa izinin aiki. Masu cewa "ai Turai duk ɗaya ce" ba su taɓa tsayawa gaban jami'in duba ma'aikata ba.

Ƙofa ta farko ita ce ta gama-gari, izinin zama da aiki a haɗe da suke kira GVVA. Tana da wuya ƙwarai. Kamfani sai ya kai wa UWV rahoton gurbin, ya yi aƙalla mako biyar yana cigiya, sannan ya nuna hujjar cewa duk faɗin Holan da Tarayyar Turai bai sami wanda zai yi aikin ba. Shi ya sa aikin sito, shara, gona ko tuƙi kusan ba ya kawo mutum daga Afirka: akwai 'yan Folan da Romaniya da Bulgeriya da ba sa buƙatar kowace takarda.

Ƙofa ta biyu ita ce mafi faɗi ga mai ilimi, wato ta ƙwararren baƙo, kennismigrant a bakinsu. A nan ba a yin wannan cigiya. Sharuɗɗa biyu ne manya. Na ɗaya, kamfanin ya zama cikin waɗanda IND ta amince su ɗauki nauyin baƙo, abin da ake kira erkend referent. Na biyu, albashin ya kai ma'aunin da aka gindaya. A shekarar 2025 ma'aunin kowane wata, kafin cire haraji kuma ban da kuɗin hutu, shi ne yuro 5,688 ga wanda ya kai shekara 30, yuro 4,171 ga wanda bai kai ba, da yuro 2,989 ga wanda ya fito ta shekarar neman aiki da za mu yi bayaninta yanzu. Kowace ranar 1 ga Janairu ana ɗaga waɗannan lambobi, don haka ka duba na shekarar da kake ciki a shafin IND. Kamfani ne ke shigar da buƙatar, ba kai ba, kuma in takardu sun cika IND kan yi ƙoƙarin yanke hukunci cikin mako biyu. Daga nan ka karɓi bizar dogon zama mai suna MVV a ofishin jakadancin Holan.

Ƙofa ta uku ita ce zoekjaar, shekara guda ta neman aiki. Wanda ya gama digiri a Holan, ko ya yi digiri na biyu ko na digirgir a jami'ar da ke cikin 200 na farko a manyan jerin jami'o'in duniya da IND ke aiki da su, yana iya nemanta cikin shekara uku da kammalawa. A wannan shekara kana iya yin kowane aiki ba tare da izinin aiki ba. Babbar ribarta ita ce wancan ƙaramin ma'auni: kamfanin da ba zai iya biyan sabon ɗan makaranta yuro dubu huɗu da ɗoriya ba, yana iya biyan dubu uku. Kada ka karɓi zoekjaar sannan ka tafi gida hutun wata huɗu. Agogonta ba ya tsayawa, kuma ba a ƙara ta.

Akwai wata hanya da mutanenmu ba su cika lura da ita ba. A Holan mai yin digirin digirgir galibi ma'aikacin jami'a ne, da kwantiragin shekara huɗu, da albashi, da fansho. Guraben ana tallata su kamar kowane aiki a shafin AcademicTransfer. Wanda ya karanta noma ya dubi Wageningen, mai injiniya ya dubi Delft da Eindhoven da Twente, mai harkar ruwa ya dubi cibiyar IHE da ke Delft.

Ɗalibi daga wajen Turai yana da zaɓi biyu: ko awa 16 a mako, ko cikakken aiki a watannin Yuni, Yuli da Agusta, ba duka biyun ba, kuma mai ɗaukarsa sai ya nemi izini mai suna TWV. Mata ko mijin ƙwararren baƙo kuwa yana da 'yancin yin kowane aiki. In kana cikin ƙasar kuma kana kokwanto, juya katin zamanka. A bayansa akwai layi ɗaya da ke faɗin matsayinka. In ka ga an rubuta "arbeid vrij toegestaan, TWV niet vereist", wato an yarda ka yi aiki ba tare da TWV ba, to hanya a buɗe take, kuma ka rubuta haka ƙarara a saman takardar neman aikinka, domin yawancin masu ɗaukar ma'aikata da sun ga baƙon suna sai su ɗauka akwai wahalar takardu.

Kalma ɗaya kan dillalai. Dokar Holan ta hana mai haɗa mutum da aiki karɓar kuɗi daga hannun mai neman aikin. Duk wanda ya turo maka "takardar ɗauka aiki" ta WhatsApp ya ce ka biya kuɗin biza, kuɗin inshora ko kuɗin lauya, ɗan damfara ne, ko da takardar na ɗauke da tambarin babban kamfani. Ka binciki sunan kamfanin a rajistar 'yan kasuwa ta KvK da kuma jerin IND, ka kira lambar da ke shafin kamfanin na ainihi, ba wadda ke jikin wasiƙar ba. Haka nan kada ka yi aiki da katin wani ko lambar wani. Albashin asusunsa zai shiga, ya ba ka abin da ya ga dama, in ka ji rauni ba ka da inshora, in aka kama ka kuma kai ne za a kora. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Inda ake nema

Jerin kamfanonin da IND ta amince da su a buɗe yake ga kowa a intanet, kuma ana sabunta shi a kai a kai. Daga nan za ka fara. Ka tsamo kamfani talatin ko arba'in da ke fagenka, ka riƙa bin shafin guraben kowanne. Yankin Eindhoven na masu injiniya da na'urori ne, can kamfanin ASML yake a Veldhoven, da Philips. Amstadam ta bankuna ce da kamfanonin kwamfuta irin su ING, Adyen da Booking.com. Rotadam tana da tashar jiragen ruwa mafi girma a Turai, don haka sufuri, makamashi da sinadarai suna can. Den Haag mazaunin gwamnati ne da kotunan duniya.

LinkedIn ba abin ado ba ne a Holan, can masu farautar ma'aikata ke wuni. Ka cika shafinka da Turanci mai kyau, ka sa sunan garin da kake son aiki. Bayan shi akwai Indeed, Nationale Vacaturebank da werk.nl na UWV. Ga wanda ke da 'yancin aiki kuma yake son ya fara samun na cefane, kamfanonin haya ma'aikata da suke kira uitzendbureau, irin su Randstad da Tempo-Team, kan samar da aikin sito ko masana'anta cikin 'yan kwanaki. Ka zaɓi wanda yake cikin ABU ko NBBU, ƙungiyoyin irin waɗannan kamfanoni. Ka yi hattara da wanda zai haɗa maka aiki da ɗakin kwana a kwantiragi ɗaya, domin ranar da aikin ya tsaya, gadon ma yana iya tafiya.

Ga wata dabara da baƙi ke jin nauyin yi. A ƙasan tallan aiki sau da yawa za ka ga sunan mutum da lambar wayarsa, an ce mai tambaya ya kira. Da gaske suke. Ka kira cikin lokacin aiki, ka faɗi sunanka, ka yi tambaya ɗaya ko biyu masu ma'ana: wane irin aiki ne ya fi cin lokaci a wannan kujera, kuma shin kamfanin na ɗaukar nauyin izinin baƙo? Minti uku ya isa. Sai ka buɗe wasiƙarka da ambaton wannan hira. Haka kuma roƙon wani ma'aikaci ya ba ka rabin awa ku sha kofi ya yi maka bayanin fagensa abu ne da suka saba da shi. Sharaɗin kawai, kada ka je roƙon aiki, tambaya za ka je yi. Matambayi ba ya ɓata.

Batun harshe kuwa, gaskiya ne kusan kowa a can yana jin Turanci, amma wannan ya yaudari mutane da yawa. Aikin da ake yi da Turanci zalla ya taru ne a manyan kamfanoni, jami'o'i da fagen kwamfuta. Asibiti, makaranta, gwamnati da ƙananan kamfanoni da Holanci suke aiki. Likita, nas, ungozoma ko mai haɗa magunguna ba zai taɓa majiyyaci da sunan wannan sana'a ba sai ya shiga rajistar BIG, kuma hanyar shigarta ta bi ta tantance takardu da jarrabawar harshe, abin da kan ɗauki lokaci mai tsawo. Sauran masu takardun waje su nemi tantancewa ta IDW, wadda hukumomin Nuffic da SBB ke gudanarwa. Ita za ta faɗi ko karatunka ya yi daidai da matakin MBO na sana'a, ko HBO na babbar kwalejin sana'a, ko WO na jami'a, kuma da waɗannan haruffa ake rubuta tallan aiki.

CV, wasiƙa da ganawa

CV kada ya wuce shafi biyu. Aikin baya-bayan nan a sama. Ka cire jihar asali, ƙaramar hukuma, addini, makarantar firamare da jerin sunayen masu tsaya maka. A ƙarƙashin kowane aiki ka rubuta abin da hannunka ya yi da sakamakonsa: mutum nawa ka jagoranta, kuɗi nawa ka kula da su, wace manhaja ka yi aiki da ita. Kamfanin da ya shahara a Kano ko Yamai ba lallai an san shi a Utrecht ba, sai ka ƙara rabin layi da ke faɗin girmansa da abin da yake yi. In akwai shekarar da ba ka yi aiki ba, ka faɗi dalili a taƙaice, don za su tambaya.

Wasiƙar, wadda suke kira motivatiebrief, shafi ɗaya ce, kuma a nan tarbiyyarmu kan yi mana cikas. Mun saba buɗe wasiƙa da dogon yabo da ƙanƙan da kai, muna roƙon a taimaka. Baturen Holan da ya karanta haka sai ya ɗauka ba ka yarda da kanka ba. Cika baki ma ba ya burge shi, akwai maganarsu da ke cewa mutum ya yi abu daidai-wa-daida, hakan ma ya isa. Abu uku yake nema: me ya sa wannan kamfani, me ya sa wannan aiki, me ka taɓa yi da ke nuna za ka iya.

Ganawa kan zama zagaye biyu ko uku, wani lokaci da gwajin aiki a tsakani. Ka isa minti biyar zuwa goma kafin lokaci. Jirgin ƙasa na iya makara, don haka ka hau wanda ke gaban naka. Za a tambaye ka ko za ka sha kofi ko shayi, ka karɓa. Ka kalli mai magana a ido. A gida sunkuyar da kai ladabi ne, a can alamar ɓoye wani abu ce. In ba ka yin musabaha da wani jinsi, ka shirya tun daga ƙofa: hannu a ƙirji, murmushi, da gajeren bayani, kada a miƙo maka hannu ka bar shi a iska. Tambayoyinsu kai tsaye ne: me ya sa ka bar wancan aiki, wane kuskure ka taɓa yi, ka taɓa saɓa wa shugabanka? Amsar "ba ni da wani rauni" faɗuwa ce. Ka kawo labarin abu ɗaya da ya faru, matsalar, abin da kai ka yi, da yadda ta ƙare. Ka ce "na yi", domin in ka yi ta cewa "mun yi" saboda kawaici, za su rasa gane naka a ciki. Ba su da hurumin tambayar lafiyarka, ko juna biyu, ko shirin haihuwa. A ƙarshe za su ce ko kana da tambaya. Ka zo da biyu a rubuce.

Albashi da kwantiragi

Duk albashin da aka ambata bruto ne, wato kafin haraji. Abin da ke shiga asusu shi ne netto. A 2025 harajin kuɗin shiga kashi 35.82 ne har zuwa yuro 38,441 a shekara, kashi 37.48 daga nan zuwa 76,817, abin da ya haura kuma kashi 49.5, sannan a yi wasu rangwame. A aikace, mai matsakaicin albashin ƙwararru ya sa ran tsakanin rubu'i da sulusin kuɗinsa zai tafi. Mafi ƙarancin albashi ga ɗan shekara 21 zuwa sama yuro 14.06 ne a awa a farkon 2025, ya koma 14.40 a watan Yuli.

Kafin ka ce ka yarda, ka tambayi abubuwa huɗu. Lambar da aka faɗa ta haɗa da kuɗin hutu ko ban da shi? Wannan kuɗi, vakantiegeld, aƙalla kashi 8 ne na albashin shekara, galibi a watan Mayu ake biya. Awa nawa ne makon aiki, 36 ko 38 ko 40? Akwai fansho, kuma nawa za a riƙa yanka daga naka? Akwai yarjejeniyar bai-ɗaya tsakanin kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago, wato CAO, da ta shafi wannan fage? In akwai, albashin a kan tsani yake, cinikin da za ka yi shi ne a wane mataki za a ɗora ka. Hutun shekara mafi ƙaranci kwana 20 ne ga mai aikin kwana biyar a mako, wurare da yawa 25 suke bayarwa. Kuɗin zuwa aiki ma ana biya a wurare da yawa.

Sai rangwamen haraji na kashi 30. Wanda aka ɗauko daga waje, wanda ya zauna nesa da iyakar Holan da fiye da kilomita 150 na sama da wata 16 cikin 24 da suka gabata, kuma albashinsa ya kai ma'aunin hukumar haraji, ana iya yafe wa wani kaso na albashinsa haraji har shekara biyar. An tsara kason zai sauka zuwa 27 daga 2027. Kai da kamfani ne za ku nema tare, kuma cikin wata huɗu da fara aiki, in ana son ya fara tun ranar farko. Abin lura: ka sa hannu a kwantiragi tun kana waje. Wanda ya riga ya tare sannan ya sami aiki yana iya rasa shi.

Kwantiragin farko galibi na wa'adi ne, shekara ɗaya, kuma wannan ba raini ba ne. Doka ta ce in an jera kwantiragin wa'adi fiye da uku, ko aka wuce shekara uku, to ya zama na dindindin, sai dai in an sami tazarar fiye da wata shida a tsakani. Lokacin gwaji, proeftijd, dole ya kasance a rubuce. Kwantiragin wata shida ko ƙasa da haka ba shi da gwaji sam. Wanda ya haura wata shida bai kai shekara biyu ba, gwajin ba ya wuce wata ɗaya. Na dindindin, ba ya wuce wata biyu. A cikin gwaji ana iya sallamarka nan take, saboda haka kada ka kwaso iyali ko ka kama haya mai tsada kafin ya wuce. Kwantiragin wata shida zuwa sama, kamfani sai ya sanar da kai a rubuce wata ɗaya kafin ƙarewarsa ko zai sabunta, in ya yi shiru kana binsa diyya. Ka duba ko akwai sharaɗin hana ka koma wa kamfanin da ke gogayya da su, ka nemi a cire ko a rage tun kafin sa hannu. Alkawarin baki, komai daɗinsa, ka roƙa a turo maka shi ta imel.

Makonnin farko

Cikin kwana biyar da isowa ka nemi rajista a ƙaramar hukumar garin, gemeente. Nan za a ba ka lambar BSN, wadda in babu ita albashi, haraji da inshora duk sai sun tsaya. Za su nemi fasfo, shaidar wurin zama, da takardar haihuwa da aka tabbatar da ingancinta. Wannan tabbatarwa tun a gida ake yin ta, ta ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadancin Holan, kuma tana cin lokaci, sai a fara da wuri. Mai aure ya haɗa da takardar aure.

Gida shi ne babban ciwon kai, musamman a Amstadam da Utrecht. Kada ka kama ɗakin da mai shi ya ce ba a rajista da adireshin, komai arharsa. Ba rajista, ba BSN, kuma wasiƙun hukuma za su riƙa zuwa inda ba ka. Kada ka tura kuɗi kan ɗakin da ba ka gani ba. Tun Yulin 2023 kuɗin ajiya da mai gida zai karɓa ba ya wuce hayar wata biyu.

Inshorar lafiya wajibi ce, kana da wata huɗu ka yanka, amma biyan yana komawa tun ranar da wajibcin ya hau kanka, don haka jinkiri ba ya rage ko sisi. A lissafin 2025, ka ware kimanin yuro 150 a wata, ga kuma yuro 385 na farko a shekara da kai za ka biya daga aljihu in ka je asibiti ko ka karɓi magani. Ganin likitan unguwa, huisarts, ba ya cikin wannan, ka yi rajista da ɗaya tun kana lafiya. 'Yan Najeriya da wasu ƙasashe ana buƙatar su yi gwajin tarin fuka a hukumar GGD cikin wata uku. Ka buɗe asusun banki da sunanka, domin albashin ƙwararren baƙo dole ta nan ya bi. Ka nemi DigiD, mabuɗin shiga duk shafukan gwamnati. Lasisin tuƙinka na gida yana aiki kwana 185 kawai bayan rajista, amma mai rangwamen kashi 30 yana iya musanya shi ba tare da jarrabawa ba. Ka sayi keke na hannu da kwaɗo mai ƙarfi.

Zama da su a wurin aiki

Shugaban sashe zai zo a kan keke, ya haɗa wa kansa kofi, kowa na kiransa da sunansa na yanka. Babu ranka ya daɗe, babu riƙe masa jaka. A taro zai juyo ya ce, "Kai me ka gani?" kuma amsa yake jira. Shiru a wajensu ko yarda ce ko rashin abin faɗa. In aka ba ka aikin da ka san ba zai ƙare ranar Alhamis ba, ka faɗa tun ranar Litinin. Cewa "to" don kunya sannan a zo ranar ba a gama ba, shi ne abin da ya fi saurin zubar da mutuncin baƙo. Su ma za su dube ka su ce rahotonka bai yi ba, ga dalili, bayan minti goma kuma a kira ka shan kofi. Ba gaba ba ce, aikin ake nufi. Shawara kan ɗauki taro bayan taro sai kowa ya tofa albarkacin bakinsa, amma in an yanke an yanke.

Komai da alƙawarin lokaci ne, har ziyara. Ƙarfe sha biyu za ka ga kowa ya fito da burodi da cuku, rabin awa an koma. Biyar ko biyar da rabi ofis ya watse, kuma zaman dare ba ya nuna ƙwazo, sai dai a ce ba ka iya tsara aiki ba. Ranar zagayowar haihuwarka kai ne za ka kawo wa abokan aiki kek. Yammacin Juma'a akan taru a ɗan sha wani abu, ka je ka karɓi lemo ko ruwa, ba wanda zai tsare ka da tambaya, kuma a nan ake jin guraben da ba a tallata ba. A kanti da wurin cin abinci ka san kalmomin varken, ham da spek, duk alade ne.

Salla tana son shiri. A watan Disamba gari ba ya wayewa sai wajen takwas da rabi, rana kuma ta faɗi wajen huɗu da rabi, ka ga azahar, la'asar da magariba duk sun faɗo cikin lokacin aiki. A tsakiyar bazara kuma rana kan kai ƙarfe goma na dare ba ta gama faɗuwa ba. Manyan ma'aikatu da yawa suna da ɗakin shiru da suke kira stilteruimte. Ka gaya wa shugabanka tun makon farko cewa kana buƙatar minti goma sau biyu ko uku, da tsawaita hutun rana ranar Juma'a, za ka rama lokacin. In ka faɗa a fili galibi ba matsala, ɓacewa ba bayani ne ke jawo zargi. Ranakun Sallah ba hutun ƙasa ba ne, sai ka ɗauka daga hutunka, ka kuma sanar cewa ranar na iya motsawa da kwana ɗaya saboda ganin wata.

In ba ka da lafiya, ka kira da safe bisa ƙa'idar kamfanin. Shugaba ba shi da ikon tambayar abin da ke damunka, wannan aikin likitan ma'aikata ne, bedrijfsarts. Kamfani zai ci gaba da biyan aƙalla kashi 70 na albashi har zuwa shekara biyu. In an nuna maka wariya saboda launi, addini ko ɗankwali, ka rubuta rana da abin da aka faɗa, ka kai ga mai karɓar koke na cikin gida, ko hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasar, College voor de Rechten van de Mens.

In aikin ya tsaya

Ƙwararren baƙon da ya rasa aiki yana da aƙalla wata uku ya sami wani, muddin katinsa bai ƙare kafin nan ba, kuma sabon kamfanin ma dole ya kasance cikin jerin IND. Ga tarkon da ba a cika faɗa ba: wanda ya shigo yana ɗan 28 a kan ƙaramin ma'auni, in ya sauya kamfani bayan ya cika 30, babban ma'aunin ne zai hau kansa. Ka yi wannan lissafi kafin ka ajiye aiki.

Kamfani ba ya korar mai kwantiragin dindindin haka kawai, sai da izinin UWV ko na alƙali, shi ya sa sukan kawo takardar rabuwa cikin yarda, vaststellingsovereenkomst. Kada ka sa hannu a ranar. Ka kai wa lauya, ko ƙungiyar ƙwadago irin FNV ko CNV in kai mamba ne, ko Juridisch Loket mai ba masu ƙaramin ƙarfi shawara kyauta. Ko ka sa hannu, kana da kwana 14 na janyewa. Ka tabbata takardar ta nuna kamfani ne ya nemi rabuwar kuma ba laifinka ba ne, in ba haka ba kuɗin rashin aiki na WW na iya kuɓuce maka. Ana samun WW in ka yi aiki mako 26 cikin 36 na ƙarshe, kashi 75 na albashi a wata biyun farko, sannan 70. Wanda kamfani ya sallama ko ya ƙi sabunta masa kwantiragi yana da kuɗin sallama, sulusin albashin wata a kan kowace shekarar aiki, tun daga ranar farko ake lissafi. A tattaunawar, ranar ƙarewar kwantiragi ta fi kuɗin muhimmanci gare ka, domin daga ita wata ukun nan ke fara ƙirguwa. Ka nemi a tura ta gaba gwargwadon iko.

Bayan shekara biyar a jere da halastaccen zama, da cin jarrabawar harshe da sanin ƙasa ta inburgering, kana iya neman izinin zama na dindindin, wanda zai raba zamanka da kowane kamfani. Kalmar "a jere" ita ce abin tsaro. In kati ya ƙare aka sami tazara kafin a nemi sabo, lissafin na iya komawa farko. Ka rubuta ranar ƙarewar katinka inda za ka riƙa gani, kuma saura wata uku ka tuna wa ofishin ma'aikata na kamfaninku, a rubuce, su shigar da takardar sabuntawa.